Muryata ta dushe, ajina bai natsu ba: amsa ga wata malamar aji ɗaya a Bauchi

Assalamu alaikum Hajiya. Allah ya ƙara miki lafiya da basira. Ni malama ce a wata makarantar firamare ta gwamnati a cikin garin Bauchi, kuma wannan ne zangona na biyu da kama aiki bayan na kammala karatun shaidar malanta ta NCE. An ba ni aji ɗaya, yara 92 ne a rajista, benci 11 kawai muke da shi, sauran a ƙasa suke zama. Tun daga shiga aji har tashi ihu nake yi. Wannan ya mintsini wancan, waccan tana kuka an ƙwace mata fensir, goma suna neman fita fitsari a lokaci guda, kafin a fita tara muryata ta dushe. Wata babbar malama da ta haura shekara 20 tana koyarwa ta ce sanyina ya yi yawa, yaro ba ya jin magana sai ya ga bulala. Ta samo mini tsumagiya biyu, na riƙe ɗaya, na ba monita ɗaya. Mako uku da suka wuce na yi ta kiran wani yaro ɗan shekara 6 bai amsa ba, raina ya ɓaci na zane shi, bulalar ta same shi a kumatu ta yi shati. Washegari mahaifiyarsa ta zo ta yi mini tas a gaban yara, kuma tun daga ranar bai sake zuwa ba. Hedimasta bai ce mini komai a kan wannan ba, illa ya ce ajina ya fi kowane aji hayaniya a makarantar. Hajiya, ina son yaran nan, amma na fara tunanin ajiye aikin, don ina ganin ban dace da shi ba. Me kika gani?

Malama S., daga Bauchi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanwata, na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne adadin da kika faɗa. Kundin manufofin ilimi na ƙasar nan ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ke kuwa an miƙa miki 92, wato aikin da ya kusa isar malamai uku, a zangonki na biyu. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta a sa kowane yaro a makaranta kyauta, kuma alheri ne babba, sai dai a wurare da yawa yawan azuzuwa da malamai bai kamo yawan yaran ba. Saboda haka kada ki ɗauki hayaniyar ajinki a matsayin shaidar cewa ba ki dace da koyarwa ba. Yara 'yan shekara biyar da shida, a matse a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, a ƙarƙashin rufin kwano, dole su yi motsi su yi surutu, kuma ba raini ne ya sa su ba.

Amma kafin mu zo kan ajin, akwai yaron da ya yi mako uku a gida, kuma shi ne ba zai jira ba. Ki je gidansu a cikin makon nan. Kada ki aika, kada kuma ki tafi ke kaɗai. Ki nemi wata dattijuwa daga cikin kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, ko wata malama da ake ganin girmanta a unguwar, ta raka ki, bayan kin sanar da hedimasta. Idan kin shiga, ki gaida mahaifiyarsa da ladabi, ki ce kin zo duba yaron, ki ba ta haƙuri a kan shatin da ya fito a fuskarsa ba tare da kin haɗa da dogon bayanin laifinsa ba. Na san ta ɓata miki rai, kuma yi wa malama faɗa a gaban ɗalibanta ba daidai ba ne, domin da ofishin hedimasta ta nufa da ya fi. Sai dai ki tuna cewa uwa ce da ta tura ɗanta lafiya lau ya dawo mata da tabo kusa da ido. Idan kika fara da ba da haƙuri, mafi yawan iyaye su ma za su sauko, har su nemi ki yafe musu abin da suka faɗa cikin fushi. Shi kuma yaron ki durƙusa daidai tsayinsa, ki ce masa kin yi kewarsa, wurin zamansa yana nan yana jiran sa.

A wannan ziyarar akwai tambayoyi biyu da nake so ki yi, domin yaron da ake kira ba ya amsawa ba lallai ne taurin kai yake yi ba. Ta farko, da wane suna ake kiran sa a gida? Kin san al'adarmu: yaron da ya ci sunan kakansa ba a kama sunan, sai a ce masa Abba ko Baffa ko Halifa, har ya shekara shida bai saba da jin sunansa na yanka ba. Ke kuma kina tsaye kina kiran abin da ke cikin rajista, a aji mai Muhammadu bakwai, yana zaune yana kallon ki bai san da shi ake ba. Ta biyu, yana fama da ciwon kunne, ko a gida ma sai an ɗaga murya yake juyowa? Ciwon kunne mai fitar da ruwa ya zama ruwan dare a tsakanin ƙananan yara, kuma yana rage ji. Idan haka ne, a kai shi asibiti a duba, ke kuma ki dawo da shi layin gaba inda zai riƙa ganin bakinki. Ki kuma lura da harshen gidan, domin a Bauchi akwai yaran da Fulatanci ko Jaranci ko Sayanci suka fara ji kafin Hausa, balle Turanci.

Yanzu batun bulala da babbar malamar da ta ba ki shawara. Ba na zaton mugunta ce ta sa ta. Abin da ta gani aka yi mata ne, shi ta yi shekara da shekaru, kuma gaskiya ne ajinta zai fi naki shiru. Abin tambaya shi ne irin shirun. Yaron da tsoro ya rufe wa baki ba ya tambaya idan bai gane ba, ba ya gwada karanta kalma don gudun kuskure, kuma da zarar mai bulalar ta juya baya sai ya koma inda ya tsaya. Masanin tarihin nan Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi wannan gargaɗin tun a zamaninsa, cewa tsanantawa ga ƙananan ɗalibai tana kashe musu kuzari, tana koya musu ƙarya da yaudara don su tsira daga hukunci. Mu kuma da muke kafa hujja da addini, mu duba da kyau: hadisin da ya yi umarni a sa yara salla suna da shekara bakwai bai ambaci duka ba sai a shekara goma, a kan salla ke nan, wadda ita ce ginshiƙin addini. To ina ga ɗan shekara shida da bai amsa kiran rajista ba? Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma ba da labari cewa bai taɓa ce masa ko "uf" ba.

Don haka shawarata ita ce ki ajiye tsumagiyarki, ta hannun monita kuwa ki karɓe ta gobe da safe. Ba wa yaro ɗan shekara bakwai ko takwas ikon dukan 'yan uwansa zalunci ne a kansu da shi kansa, domin zai rama gabar wasa da ita, zai kuma karɓi alewa ko kuɗin tara don ya kau da kai. Kamun kunne da tsallen kwaɗo da durƙuso a rana duk su bi bulalar, haka ma kiran yaro daƙiƙi ko jaki, wanda sau da yawa ya fi shatin bulala daɗewa a zuciya. Ita babbar malamar kuma kada ki yi jayayya da ita, kada ki nuna mata kin fi ta sanin zamani. Ki roƙe ta ta bar ki ki zauna a bayan ajinta na darasi ɗaya. Wadda ta yi shekara 20 da yara tana da dabarun da ita kanta ba ta lissafa su a matsayin ilimi ba, kamar yadda take raba littattafai, da inda take tsayawa, da yadda take gane yaron da zazzaɓi ke shirin kamawa. Ki ɗauki waɗannan, ki bar mata sauran.

Na san za ki ce idan an ɗauke bulala me ya rage. Abin da ya rage shi ne sabo, kuma sabo koyar da shi ake yi kamar yadda ake koyar da baƙaƙe da wasula. Yawancin abin da muke kira rashin ji a aji ɗaya rashin sani ne, domin babu wanda ya taɓa nuna wa yaron yadda ake shiga aji, da yadda ake neman izini, da abin da zai yi idan ya gama aikinsa. Ki ware mako biyu, ki sanar da hedimasta cewa a cikinsu za ki rage gudu a manhaja don ki kafa tsari. Abin da kika rasa za ki mayar da shi ninki kafin ƙarshen zango. Ki fara da bakin ƙofa. Kada su riƙa tururuwa ciki bayan an tashi daga taron safe; su yi layi biyu a waje, ke kina tsaye a ƙofa kina amsa gaisuwa, suna shiga biyar biyar. Idan suka ruga da gudu, kada ki yi ihu, ki ce a fito a sake, cikin murya ɗaya, ko sau nawa ne. Kwana uku na farko za ki ga kamar ɓata lokaci ne, amma daga nan ƙafafunsu za su riƙe.

Sai alamar yin shiru, wadda ita ce za ta ceci muryarki. Ba ki buƙatar aro daga ko'ina, domin yaranmu sun zo da ita daga gida. Ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku," za su amsa da "Ta zo mu ji ta," kuma a al'ada bayan wannan amsar kowa kunne yake kasawa. Ki koya musu cewa da sun amsa, hannu ya koma kan cinya, ido ya dawo kanki. Wata rana ki canza da "Ƙulin ƙulifita," su ce "Gauta," ko ki tafa sau uku su maimaita. Sharaɗin kawai shi ne kada ki fara magana sai shirun ya sauka, sannan ki yi maganar da murya ƙasa ƙasa, yadda sai sun natsu za su ji. Malamar da ke ɗaga murya sama da ta yara tana koya musu ne cewa ana iya surutu tana magana. Kuma lokaci lokaci ki cika alƙawarin kiran, ki ba su gajeriyar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko kacici-kacici guda, don kada kalmar ta zama fanko a kunnensu.

Zaman ma yana buƙatar gyara, domin rabin faɗan da kike rabawa daga matsi yake tasowa. Ki ɗauki alli ki ja layi a ƙasa, ki raba ajin rukuni takwas, kowanne yara 11 ko 12, ki bar hanya a tsakiya da za ki iya takawa har bango na baya. Ki ba kowane rukuni suna, ko na dabbobi ko na 'ya'yan itace, su Zaki da Giwa da Mangwaro da Goruba, domin ya fi sauƙi ki ce "Giwaye su tashi" da ki bi yara ɗai ɗai. Bencin nan 11 kada su zama na masu ƙarfi ko na masu rigan zuwa. A riƙa karɓa-karɓa duk mako, kowa ya san ranarsa na zuwa. Gajeru da masu matsalar gani ko ji su zauna gaba. A kowane rukuni ki ba da aiki: mai raba fensir, mai tattara littafi, mai kula da takalma, mai duba shara, kuma aikin ya riƙa zagayawa. Yaron da ya fi damun ki da ƙiriniya, shi za ki fara ba wa aikin goge allo, domin ƙarfin da yake tsokana da shi wurin zuwa yake nema.

Game da darasin kansa, ki sani ƙaramin yaro ba ya iya zama yana saurare na tsawon lokaci. Ki yanka darasinki gunduwa gunduwa, kamar minti goma na bayani da nuni, sai a tashi a motsa jiki, sai a zauna a yi aiki da hannu. Motsin ba sai ya fita daga karatu ba: su rubuta harafin a iska da yatsa, su rubuta a bayan na gabansu, su yi tsalle sau biyar suna ƙirgawa, su tafa gaɓoɓin sunayensu. Tsarin nan da aka horar da malamai a kansa a shirin koyar da karatu na Mu Karanta, wanda aka gudanar a makarantun jihar Bauchi, na malami ya yi, sannan a yi tare, sannan yara su yi da kansu, yana da amfani ƙwarai a aji mai cunkoso. Idan akwai wanda ya samu horon a makarantarku, ki nemi ya nuna miki, ki kuma tambaya ko akwai littattafan a ajiye a ofis. Hannun da babu komai a cikinsa shi ke mintsini, don haka ki sa kowane yaro ya tara marafan kwalba goma ko tsakuwa goma a ƙullin leda don lissafi, ki yanka kwalaye ki rubuta baƙaƙe a kai. Ba kuɗi ake kashewa ba, kuma ranar da kika ga yara 90 sun duƙufa suna jera marafai uku da biyu don su gano biyar, za ki ji wata irin hayaniya ta daban, wadda ba ta buƙatar a tsawatar.

Fitsari kuwa ki sa masa lokaci, kafin shiga aji da bayan tara, rukuni rukuni, sannan ki rataye kwali biyu a bakin ƙofa, ɗaya na maza ɗaya na mata, wanda ya matsu ya ɗauka ya fita, na biye ya jira a dawo da shi. Amma kada ki hana ƙaramin yaron da kika ga ya matsu da gaske, domin kunyar yin fitsari a wando a gaban aji tana iya raba shi da makaranta.

Dokoki kada su wuce uku, kuma a faɗe su da abin da ake so a yi: muna ɗaga hannu kafin magana, muna riƙe hannunmu a jikinmu, muna saurare idan an yi kira. Wanda ya karya, ki fara da matsawa kusa da shi kina ci gaba da darasi, domin sau da yawa tsayuwarki a gefensa ta isa. Idan ya ci gaba, ki kira sunansa a hankali; idan bai bari ba, ki canza masa wuri, ko ya zauna kusa da teburinki na 'yan mintoci a cikin ajin, sannan ya koma ba tare da gori ba. Wanda ya ƙwace fensir ya mayar ya ba da haƙuri, wanda ya zubar da shara ya kwashe. Abin da ke sa wannan ya yi aiki shi ne ya zama iri ɗaya kullum, ga ɗan kowa, ko kina cikin nishaɗi ko kin gaji. A ɗaya ɓangaren, ki yawaita kama su suna yin daidai, ki faɗa da suna: "Na ga Hauwa ta ɗaga hannu ta jira," "Rukunin Goruba sun riga kowa natsuwa, a tafa musu." Za ki ga sauran suna gyara zama don su ma a ambace su. Wannan ne ya sa haddace sunayensu, waɗanda ake kiran su da su a gida, ya zama aikinki na farko. Ki ɗauki rukuni ɗaya a rana.

Ki kuma riƙa tambayar kanki abin da ke bayan halin da kika gani. Yaron da ke kuka ko gyangyaɗi da ƙarfe goma wataƙila bai karya ba, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da kwano ke ɗaukar zafi, babu dabarar da za ta zaunar da yara bayan sha ɗaya kamar ruwan sha da iska. Ki sa karatu da lissafi da sassafe, ki bar waƙa da zane da tatsuniya zuwa lokacin zafi, idan da bishiya a harabar ku fita ƙarƙashinta.

Shi hedimasta, maganarsa ta yi miki zafi, amma ina ganin shi ma a matse yake, da ƙarancin malamai da masu duba makarantu da ke zuwa daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Kada ki je masa da kuka kawai. Ki je da buƙatu ƙayyadaddu da zai iya cewa e a kansu. Ki bi rajistarki ki fitar da 'yan rakiya, wato ƙananan da ba su kai shekara shida ba da ke biyo yayyensu, ki nemi a mayar da su ajin share fage idan makarantar na da shi. Ki nemi idan ɗaliban kwalejojin ilimi, irin na Kangere da Azare, sun zo koyon aikin koyarwa, a fara turo miki ɗaya ko biyu, yadda za ku raba ajin gida biyu a wasu darussan. Ki nemi ya kai maganar tabarmi da randar ruwa gaban SBMC da ƙungiyar iyaye da malamai, ya kuma rubuta wa sakataren ilimi a kan raba ajin. Sannan ki gayyace shi ya zo ya zauna a ajinki bayan mako huɗu ya gani da idonsa, domin wanda aka nemi ya zama shaida yakan koma mai goyon baya.

Batun ajiye aiki kuma, ba zan ce miki haramun ne ba, amma kada ki yanke shi da dusasshiyar murya da ɓacin ran mako uku. Ki ba wannan tsarin sauran zangon nan da mai zuwa. Idan bayan haka kika ga har yanzu ƙananan yara sun fi ƙarfinki, babu abin kunya a neman a mayar da ke aji huɗu ko biyar, domin akwai malamai nagari da suka fi dacewa da manyan yara, kuma wannan canjin aji ne kawai, ba barin koyarwa ba. Kafin nan ki kula da maƙogwaronki: ki ajiye ruwa a kan tebur kina kurɓa, ki daina magana a kan hayaniya, kuma idan dushewar ta wuce mako biyu ko uku ba ta sake ki ba, ki je asibiti a duba. Ranar da yaron nan zai dawo, ki tare shi a bakin ƙofa da sunan da mahaifiyarsa ta faɗa miki, ki ba shi aikin raba alli na wannan makon. Ki sake rubuto mini bayan hutun zango in ji yadda kuka kwashe da mahaifiyarsa, da abin da likita ya ce game da kunnensa idan an kai shi. Allah ya dafa miki, ya sa albarka a aikinki.